Biyan Bashi da Bashi: Katin Banki, Asusu da Rancen Ɗan Kasuwa a Ƙasar Dakoro

Tun daga shekarar 2023 zancen bashi ya yawaita a bakin jama'a, a kasuwa da majalisa, har da azuzuwan yaƙi da jahilci. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Bayan juyin mulkin ranar 26 ga watan Yuli na 2023, ƙungiyoyin CEDEAO da UEMOA suka ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka rufe iyaka da Najeriya, takardun kuɗi suka yi ƙaranci a bankuna har aka riƙa ƙayyade wa mutum abin da zai cira daga ajiyarsa. An ɗage takunkumin a watan Fabrairu na 2024, aka buɗe iyakar a watan Maris, amma kafin nan darajar naira ta riga ta faɗi ƙwarai. Wannan ya taɓa ƙasar Dakoro kai tsaye, domin yawancin bisashen da ke fita daga kasuwanninmu Najeriya suke nufa, kuma falken da nairarsa ta rage ƙarfi ba zai sayi rago yadda ya saba ba. Sa'an nan a damanar 2024 ambaliyar ruwa ta yi ɓarna mai yawa a jihar Maraɗi.

Magidanci ya ci bashi don ya cika rumbu, wa'adi ya zo babu abin biya, sai ya sake cin wani bashin don ya rufe na fari. Wannan shi ne abin da za mu duba a nan. A ƙasashen Turai da Amurka akwai tsari na musamman na biyan bashi da bashi ta hanyar katin banki, kuma sanin yadda yake tafiya zai taimake mu mu auna namu, ko da yake katin kansa bai yaɗu a wajenmu ba.

Mene ne katin bashi?

Katin banki iri uku ne, kuma a ido duk kamarsu ɗaya. Akwai katin cirar kuɗi, wanda ba ya ba ka sai abin da ka ajiye a banki. Akwai katin da ake zuba wa kuɗi tukuna, kamar yadda ake sa wa salula kuɗin kira. Irinsa ne wasu ƴan kasuwa da maniyyata aikin hajji kan riƙe idan za su fita waje. Na uku shi ne katin bashi. Da shi mutum yake sayayya da kuɗin banki, ba nasa ba, har zuwa wata iyaka da aka yanka masa, a ƙarshen wata a aiko masa da lissafi.

A Amurka aka fara shi. Kamfanin Diners Club ya fito da nasa a 1950, wani banki kuma ya fito da BankAmericard a 1958, wanda aka sauya wa suna ya koma Visa a 1976. A 2023 bashin da Amurkawa suka ci ta wannan hanya ya haura dalar Amurka biliyan dubu, ruwan da ake ɗora masa kuwa ya wuce kashi 20 cikin ɗari a shekara. A yankinmu an kafa ƙungiyar GIM-UEMOA a 2003 domin katin wani banki ya yi aiki a injin wani bankin. Amma katunan da ke hannun ma'aikata da ƴan kasuwar Nijar, kusan dukkansu na cirar kuɗi ne ko na zubawa. Duk wanda aka ba kati, lalle ne ya tambaya wane iri ne daga cikin ukun nan, da abin da za a riƙa cire masa na riƙon katin a shekara.

Amfanin katin bashi guda ne babba: wanda ya biya dukkan lissafinsa kafin ranar da aka sa, galibi ba a ɗora masa ruwa a kan sayayyar da ya yi. Tarkonsa kuma yana cikin wani ɗan layi da ke cewa ga mafi ƙarancin abin da za ka iya biya a wannan wata. Mu auna da kuɗinmu. A ce bashi jika 500 ne, ruwa kashi 2 cikin ɗari a wata, wato jika 10. Idan mutum yana biyan jika 12 kowane wata, jika 10 na ruwa ne, jika 2 kaɗai ke rage uwar kuɗi. Bayan shekara guda ya fitar da jika 144, amma har yanzu ana binsa wajen jika 473. Kafin ya gama sai ya shafe sama da shekara 7, ya biya fiye da ninki biyu na abin da ya ci.

Mayar da bashi daga wannan kati zuwa wancan

Saboda gasar neman masu hulɗa, bankunan Amurka da Ingila sukan yi tayi kamar haka: kawo mana bashin da wancan banki ke binka, mu biya shi, mu kuma mu yafe maka ruwa na shekara ɗaya ko fiye. Ba kyauta ba ne. Tun ranar farko suna ƙara ladan mayarwa, yawanci kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari na bashin.

Mu koma ga mai jika 500. Ladan kashi 3 jika 15 ne, bashinsa ya zama jika 515. Idan ya raba shi wata 12, zai riƙa biyan wajen jika 43, ya fita sarai. Da ya tsaya a tsohon katin ya biya cikin wata 12 ɗin nan, da ruwan da zai bayar ya kai jika 67. Ke nan ya tsira da jika 52. Wannan dabara ce mai kyau, babu shakka.

Amma bankin ya san halin mutane. Ya san da yawa za su ci gaba da biyan jika 12 ɗin da suka saba, wa'adin rangwame ya ƙare ana binsu jika 371, ruwa ya dawo da ƙarfinsa. Ya san wasu za su makara wata ɗaya, sharaɗin da ke cikin takarda ya soke rangwamen. Mafi muni, tsohon katin da aka wanke yana nan a aljihu, sai mai shi ya sake cika shi, bashi ɗaya ya zama biyu.

Daga nan za mu ɗauki ma'auni guda da zai yi mana aiki a duk sauran bayanin. Sauya wa bashi wuri yana da amfani ne idan jimillar abin da za a biya, haɗe da kowane lada, ta ragu, kuma an san inda kuɗin biya zai fito kafin wa'adi, kuma an rufe ƙofar tsohon bashin.

Ma'aikaci da sayen bashi

Abin da ya fi kama da wannan a Nijar shi ne wanda ake kira rachat de crédit da Faransanci, wato wani banki ya biya bashin da ake bin ma'aikaci, albashinsa ya koma biyowa ta sabon bankin. Malaman makaranta da ma'aikatan asibiti sun san shi sarai. Abin da ke jan hankalinsu shi ne ragin abin da ake yanka a wata.

A ce saura miliyan ɗaya ake bin malami, ruwa kashi 12 a shekara, saura wata 24. Ana yankar masa wajen jika 47 a wata, ruwan da ya rage masa duka wajen jika 130 ne. Sabon banki ya ce kashi 10 zai ɗora, a biya cikin wata 60, yanka jika 21 da ƴan kai. Ruwa ya sauka, yanka ya ragu da fiye da rabi, kowa zai ce an samu sauƙi. Amma idan aka tara na wata 60, ruwan ya kai wajen jika 275, ban da kuɗin buɗe takardu da inshora da abin da tsohon bankin zai iya nema na biya kafin lokaci. Wanda gidansa ba ya iya tashi da abin da ya saura na albashi yana iya karɓar wannan da saninsa, ya sayi numfashi da tsada. Abin da ba shi da kyau shi ne ya karɓa yana zaton riba ya ci.

Bashin da ya fi yawa a ƙauyukanmu

Mafi yawan masu karanta wannan ba su da albashi, ba su da ajiya a banki. Bashinsu yana hannun ɗan kasuwa, kuma shi ne mafi tsada a cikin duka, ko da yake ba a taɓa ambaton kashi kaza cikin ɗari a wurin ƙulla shi.

Ga yadda yake. A watan Yuli, lokacin da rumbu ya ƙare ga kuma noma, manomi ya karɓi jika 10 a kan zai ba da buhun hatsi idan kaka ta yi. A ce a watan Oktoba buhun yana jika 15. Ya ci 10 ya biya 15, wato ƙarin rabi cikin wata 3. Idan aka miƙe wannan zuwa shekara, kashi 200 cikin ɗari ke nan. Farashin nan misali ne kawai. Kowa ya sa na kasuwarsa, ta Kornaka ko ta Sabon Mashi ko ta Sakabal, ya yi lissafin da kansa.

Dattawa ba su manta da 2005 ba. Fari da fara sun lalata damanar 2004, hatsi ya yi tsadar da ba a saba gani ba, har ƙungiyar likitoci ta MSF ta buɗe cibiyar kula da yara masu tamowa a Dakoro. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne abin da ya biyo baya. Damanar 2005 ta yi kyau a wurare da dama, amma gidajen da suka ci bashi lokacin tsada sun biya shi da hatsi lokacin araha, buhu ɗaya ya ci biyu ko uku, rumbu ya sake ƙarewa da wuri. Yunwar shekara ɗaya ta zama bashin shekaru.

Ba na cikin masu zagin ɗan kasuwa a kan wannan baki ɗaya. Shi ne ke ba da rance da tsakar dare idan haihuwa ta zo da gardama, ba ya neman takarda, wani lokaci kuma damana ta ƙi ya yi asara. Sai dai saukinsa na karɓa ne, ba na biya ba. Duk hanyar da za ta fitar da mutum daga wannan bashi zuwa mai rahusa ta cancanci a duba ta.

Asusun Mata Masu Dubara

Hanya ta farko a gidanmu aka haife ta. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi, ta gina shi a kan adashen da mata suka gada. Bambancinsa da adashe shi ne ba a kwashe zubi a ba mutum ɗaya. Ana tara shi a akwati mai makullai a hannun mata dabam-dabam, ana ba membobi rance, a ƙarshen zango a fasa a raba. Daga nan tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da Asiya.

Ƙungiyoyi da yawa kan sa ƙarin kashi 10 cikin ɗari a wata. A takarda wannan ya fi na kowane banki nesa ba kusa ba, kashi 120 ne a shekara. Amma abu biyu ne ke sassauta shi. Rancen gajere ne, na wata ɗaya zuwa uku. Kuma ƙarin ba ya fita daga ƙungiya. Ranar rabo yana dawowa ga waɗanda suka zuba, har da wadda ta biya shi. Jika 10 na wata 3 a asusu zai zama 13, a wurin ɗan kasuwa 15 a misalinmu na sama, kuma hatsi ya tsira a rumbu.

Inda ake samun matsala shi ne idan rancen asusu ya daɗe. Wata ɗaliba a wani aji da na taɓa kula da shi tana cikin ƙungiya biyu. Ta ci jika 20 a ta farko don bikin ɗiyarta, wa'adi ya yi ta ci a ta biyu ta biya, wata ya zagayo ta koma ta farko. Kowa na yabonta da cika alkawari. Ranar da muka zauna muka rubuta abin a allo, sai ga shi cikin wata 8 ta biya ƙarin jika 16, uwar kuɗin kuwa tana nan jika 20 ba ta motsa ba. Akuya ta sayar ta fita. Wannan shi ne mai kati biyu na Amurka, ba tare da kati ba.

Makiyayan arewacin kwarin Tarka suna da nasu tsohon tsarin, habbanaye, inda ake ba wanda ya rasa dabba aron saniya ko akuya, ya riƙe ƴaƴan da ta haifa, ya mayar da uwar. Ayyukan raya karkara da dama sun kwaikwayi wannan wajen raba wa mata awaki. Shi kam babu ruwa a cikinsa.

Akwatunan ajiya da lamuni, da abin da doka ta ce

Hanya ta biyu ita ce ƙananan cibiyoyin ajiya da ba da lamuni, waɗanda jama'a ke kira kes ko asusu. Hukumar ARSM ce ke sa musu ido a Nijar, a ƙarƙashin dokokin babban bankin BCEAO, wanda ke da reshe a Maraɗi. Nijar ta fita daga CEDEAO a watan Janairu na 2025, amma wannan fita ba ta shafi UEMOA da kuɗin sefa ba, don haka ƙa'idojin bashi na yankin ba su faɗi da ita ba.

Ɗaya daga cikin ƙa'idojin ita ce iyakar ruwa. Daga ranar 1 ga Janairu na 2014 aka saukar da ita daga kashi 18 zuwa 15 cikin ɗari a shekara ga bankuna, daga kashi 27 zuwa 24 ga ƙananan cibiyoyi. Ministocin kuɗi na yankin ne ke da ikon sake duba ta, saboda haka a tambayi wadda ke aiki a ranar da za a sa hannu. Abin lura shi ne ba a auna iyakar da ruwan da aka faɗa da baki. Ana auna ta da abin da ake kira TEG, wato ruwa haɗe da kuɗin takardu da sauran ladan da aka wajabta wa mai karɓa. Haruffan nan uku, T da E da G, ko ɗalibin da ya yi wata uku a aji zai iya nemo su a takarda, ya karanta lambar da ke gabansu.

Akwai tambayar da ta fi kowace muhimmanci, kuma ba a cika yin ta ba: a kan me ake lissafa ruwan? Mutum biyu kowa ya karɓi jika 100 na wata 10, kowa an ce masa kashi 2 cikin ɗari a wata. Na farko ana lissafa masa a kan abin da ya saura. Watan fari ruwansa jika 2, da ya rage jika 10 sai ya koma 1.800 F, haka yana sauka har ya kai 200 F a watan ƙarshe. Jimilla jika 11. Na biyu ana lissafa masa a kan jika 100 ɗin farko har ƙarshe, jika 2 sau 10, jimilla jika 20. Magana ɗaya aka gaya musu, amma na biyu ya biya kusan ninki, kuma ruwansa na gaskiya ya haura kashi 40 a shekara.

Sai kuma abin da ake cirewa tun kafin kuɗi su shiga hannu. Idan an rubuta jika 100, aka cire 3 na takardu, 2 na inshora, aka riƙe 10 a matsayin ajiyar dole, jika 85 mutum ya fita da su, amma a kan 100 yake biyan ruwa. A nemi jadawalin biya, takardar da ke nuna kowane wata da abin da za a bayar, a tara lambobin duka, a cire abin da ya shigo hannu. Abin da ya saura, bayan an lissafa ajiyar da za a mayar, shi ne farashin bashin.

A nan zan ɗan tsaya a kan wani abu da ke rikita ɗalibanmu. Mu da dala muke ƙirga, takarda kuwa da tamma take magana. Abin da muke ce wa dala 100, a takarda 500 F ne. Jika 100 kuma 100.000 F. Na ga wanda ya karanta lamba daidai ya fahimce ta ba daidai ba har sau biyar. Kafin a dangwala yatsa, a juya kowace lamba zuwa jika da dala, a faɗe ta da ƙarfi a gaban ma'aikacin, ya tabbatar.

Kada kuma a shiga cibiyar da ba ta da lasisi, komai daɗin bakin wakilinta. Haka nan a sani cewa tun 2016 aka fara aiki da ofishin tattara bayanan masu bashi a ƙasashen UEMOA. Wanda ya ƙi biyan wannan cibiya, labarinsa na iya riga shi isa waccan.

Masu gudun riba saboda addini, kuma su ne da yawa a cikinmu, suna da inda za su tambaya. Akwai Bankin Musulunci na Nijar, kuma a 2018 BCEAO ya fitar da ƙa'idojin hada-hadar kuɗi ta Musulunci ga bankuna da ƙananan cibiyoyi. A tsarin murabaha cibiya ce ke sayen kayan, ta sayar maka da riba sananniya, ka biya sannu a hankali. Hukuncinsa na malamai ne. Lissafinsa kuwa ɗaya ne da na sauran: nawa kayan suke a kasuwa, nawa zan biya duka. Rubuta bashi da kafa shaidu ma ba baƙon abu ba ne. Aya ta 282 ta Suratul Baƙara a kansa ta sauka.

Jinginar amfanin gona

Hanya ta uku ita ce ta fi dacewa da manomi mai bashin ɗan kasuwa. Ana kiranta warantaji, kuma wani shirin hukumar FAO ne ya fara yaɗa ta a Nijar daga 1999. Ƙungiyar manoma takan tara amfanin gona a sito lokacin kaka, a sa kwaɗo biyu, makulli ɗaya a hannun ƙungiya ɗaya a hannun mai ba da lamuni. Sai a ba kowa rancen wani kaso na darajar kayansa, galibi kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari, na wata 5 ko 6.

A ce ɗan kasuwa na bin mutum buhu 4, buhu na jika 15, kuma ya yarda a ba shi jika 60 a maimakon hatsi. Manomin ya kai buhu 5 sito, darajarsu jika 75, aka ba shi 60, ya sallami ɗan kasuwa. Ruwan kashi 2 na wata 6 ya kama 7.200 F, mu sa kuɗin sito jika 3. Abin biya ya zama jika 70 da dala 40. Idan a watan Afrilu buhu ya kai jika 22, buhu 5 jika 110 ne, ya biya ya saura da kusan jika 40. Da ya miƙa buhu 4 tun kaka, da buhu ɗaya ya rage masa, na jika 22. Ya ƙaru da wajen jika 18. Idan kuma da kuɗin cin rani ko na turkar rago ya biya, buhunansa 5 suna nan ya ci da iyalinsa lokacin da hatsi ya fi tsada, wanda shi ne ainihin manufar tsarin.

Amma fa ba kowace shekara farashi ke tashi ba. Idan an yi damana mai albarka ko'ina, ko hukumar OPVN ta fito da hatsi mai rahusa, ko aka hana fitar da hatsi waje kamar yadda gwamnati ta yi a watan Oktoba na 2024, farashi na iya tsayawa. A misalin nan, in buhu bai wuce jika 17 da rabi ba, babu riba. In ya tsaya a 15, manomin ya yi asarar wajen jika 10. Wake kuma sai an kula da ƙwari, in ba haka ba a buɗe sito a tarar da gari. Don haka kada a jinginar da dukkan abin da aka noma, kuma kada a kashe rancen a abin da ba ya dawo da kuɗi alhali ba a san mafitar biya ba.

Rancen salula da lambar sirri

Abin da zai riga katin bashi isowa ƙauyukanmu shi ne rance ta salula. An riga an saba da aika kuɗi ta Nita da Amana da Airtel Money, an kuma saba da aron kuɗin kira wanda ake cirewa da ƙari. A Kenya an fara rancen salula na M-Shwari tun 2012. A Najeriya kuwa wasu kamfanonin rance na intanet sun riƙa kwashe lambobin da ke cikin wayar wanda ya makara, suna aika wa danginsa saƙon tozarci, har hukumar kare masu sayayya ta ƙasar ta kai musu samame a Legas a watan Maris na 2022. Ƴaƴanmu masu zuwa cin rani Kano da Legas suna gamuwa da irin waɗannan. Ladan kashi 10 na mako biyu ƙarami ne a kunne, amma ya ninka na asusun mata.

Kati ko salula, lambar sirri ita ce makullin. Wanda bai iya karatu ba yakan miƙa katinsa ga wani yaro a bakin inji, ya gaya masa lambar. Idan na cirar kuɗi ne, abin da ke ciki kawai zai rasa. Idan na bashi ne, za a iya ci masa bashin da bai sani ba, kuma shi doka za ta bi. Lambobi huɗu ne. Malaman aji su ware rana guda su koya wa kowa danna su da hannunsa.

Idan wa'adi ya gabato babu abin biya

A je wurin mai bin bashi tun kafin ranar, ba bayanta ba. Cibiyoyi da ƙungiyoyi sun fi sauraron wanda ya zo da ƙafarsa, kuma sake tsara wa'adin bashin da ake da shi ya fi araha a kan cin sabo, domin babu sabon kuɗin takardu. Wanda bashinsa ya kasu wuri uku ko huɗu, ya rubuta su duka a shafi ɗaya: wa ke bi, nawa ne, nawa yake ƙaruwa a wata. Ya fara kashe wanda ya fi saurin ƙaruwa, ko da ba mai shi ne ya fi matsa masa ba. Ya kuma gaya wa iyalinsa, domin bashin da miji ya ɓoye sau da yawa akuyar matarsa ce ke biyansa.

Jinginar gona ita ce ta ƙarshe da za a taɓa. Wanda ya karɓi jinginar shi ke noma gonar har sai an fanshe ta, ke nan an miƙa masa abin da za a biya shi da shi. Idan ta kama dole, a yi ta a gaban hukumar kula da filaye, wato Kofo, wadda dokar karkara ta 1993 ta tanada, ko ta gari ko ta ƙaramar hukuma. A rubuta cewa jingina ce ba sayarwa ba, a rubuta kuɗin da iyakokin gonar da sunayen shaidu, kowane ɓangare ya riƙe kofinsa, a kuma nuna wa manyan ƴaƴa inda aka ajiye takardar.